Ranar da Na Tambayi Alhaji Sabo Inda Alhaji Sabo Yake

Ni ne mutumin da ya tsaya gaban wanda aka aike shi nema, ya gaishe shi, ya sha ruwansa mai sanyi, sannan ya tambaye shi ko ya san inda mutumin yake. Shi kuwa, Allah ya saka masa, ya kwatanta mini hanya dalla-dalla, har ya haɗa mini da kuɗin mota. Na fara da wannan ne don kada wani ya riga ni faɗa, domin har gobe a harabar kotunmu in sabon ma'aikaci ya tafka shirme, sai ka ji an ce ya yi Tanko. To, ni ne Tankon.

Masinjan kotu nake, ko in ce na yi, tunda yanzu gwiwoyi sun sallame ni. Aikina kai sammaci, wato takardar da alƙali ke aika wa mutum cewa an yi ƙararsa, ya zo rana kaza. Ku yaran yanzu in kun ji haka sai ku yi dariya, ku ce wannan ai ɗan aike ne, ko jariri aka ba takarda zai kai. Haka ne, in dai wanda za a kai wa yana so. Ni kuwa duk tsawon aikina ban taɓa ganin wanda ya shimfiɗa tabarma yana jiran sammaci ba. Mai kai katin biki ana ba shi lemo. Ni kare ake sakar mini.

Aji huɗu na bar makaranta, kuma ko a aji huɗun ma ba a yi kewata ba. Ɗaukar bulo ne ya kawo ni Abuja. Da sojoji suka koma bariki, gari ya buɗe, kuɗi suka fara yawo, kowa na gini, kowa na aure, kowa kuma na rigima, sai wata ƙaramar kotu a ɓangarenmu na Nyanya ta nemi mai shara. Na shiga da tsintsiya. A nan Baba Audu, tsohon masinjan kotun, ya lura cewa babu lungun da ban sani ba saboda yawon neman aikin gini, ya ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, yaron nan kansa babu komai, amma ƙafarsa ta yi karatu." Da wannan shaida aka ɗauke ni.

Ranar farko Baba Audu ya zazzage jakarsa a kan benci. Jakar fata ce da ta sha gumi har ta koma baƙa. Akwai littafin da wanda aka kai wa takarda ke sa hannu, da ɗan akwatin tawada na dangwale don waɗanda ba su iya rubutu ba, da biro biyu, domin in ka ba mutum biro yana fushi ba lallai ya dawo maka da shi lafiya ba. Akwai kwalbar gam ta liƙa takarda a ƙofa, amma wannan sai alƙali ya ba da izini, bayan an tabbatar mutumin na nan yana ɓuya ne. Sai leda ta nannaɗe takardu saboda ruwan sama, da goro. Na ce goron na mene ne? Ya ce, "Na masu gadi ne. Alhaji ba zai gaya maka yana gida ba, amma mai gadinsa na cin goro."

Wata shida ina bin sa a baya ina riƙe jaka. Ya koya mini cewa dole takarda ta shiga hannun mai ita, ba hannun matarsa ba, ba na yaron shagonsa ba. In ya ƙi karɓa, ka taɓa shi da ita, ka ajiye a gabansa, ka nemi shaida. Ba a kai sammaci a masallaci ko coci, ba a kaiwa wajen jana'iza, kuma ba a miƙa wa mutum a gaban 'ya'yansa, don ka tafi ka bar shi da su. Kada ka ci ko ka sha abin wanda kake nema. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne, kada ka fita sai ka zauna da mai ƙara ka tambayi kamannin mutumin. Yakan ce, "In matar da ya saka ce ta kawo ƙara, ka huta. Babu mai hoton da ya kai ta. Za ta faɗa maka har haƙorin da ya karye da wanda ya karya shi."

Ku tuna lokacin ba kowa ke da waya ba, balle mai hoto. Adireshi kuwa a unguwanninmu shi ne "bayan transfoma, gida mai jan ƙofa, kusa da mai shayi". Ka je ka tarar transfoma uku ne, an sake wa ƙofar fenti, mai shayin ya koma Mararaba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta rusau. Sai ka karɓi takarda ranar Litinin, ka je ranar Laraba ka tarar unguwar gaba ɗaya ta zama fili, sai tarin bulo da kwanon rufi da awaki suna mamaki. Na taɓa tsayawa a kan dandamalin wani gida ina riƙe da sammacin mai gidan, ga lambar ɗakin a jikin ƙyaure, ƙyauren na kwance a ƙasa. Ana cikin haka aka hana babur shiga tsakiyar gari. Ni kuwa ban daɗe da sayen nawa ba, har na sa masa madubi biyu da ɗan tuta. Dole na riƙa ajiye shi a Nyanya in bi layin bas, in na makara in matse da mutum biyar a tasi mai kore da fari. A shekarar takalmi uku na cinye, kuma Baba Audu ya yi ritaya ya bar mini jakar, da girman kai wanda shi bai bar mini ba, ni na samo abina.

Yawancin masu zuwa wurinmu mata ne, kuma yawancin ƙararsu ta ciyar da yara ce. Labarin kusan ɗaya ne. An rabu lafiya, uba ya ce ba sai an je ko'ina ba, zai riƙa aikowa. Ya aiko wata biyu, ya aiko wata biyar, ya tsallake ɗaya, ya ba da haƙuri, ya tsallake uku, sai shiru. Babu takarda, babu shaida, sai "ai ya ce". Mace ba ta zuwa kotu a watan farko. Sai ta bi ta wajen yayansa, ta bi ta wajen limami, ta sayar da abin da za ta iya sayarwa, sannan ka gan ta a bencinmu da mayafi a rufe da rabin fuska kamar ita ce mai laifi. Ina ganinsu ina girgiza kai ina cewa maza ba su da tsoron Allah. Ni ma dai a lokacin ina da 'ya wajen uwarta a garinmu, ina aika musu ta hannun direba in na tuna, amma ban taɓa lissafa kaina cikin waɗannan mazan ba, tunda ni ma'aikacin kotu ne.

Hajara ta zo mana a ƙarshen wannan shekarar. Mai masa ce a bakin titin Jikwoyi, da 'yarta ɗaya, Safiya, tana ajin ƙarshe a sakandare. Uban yarinyar, Alhaji Sabo, yana da shagon labule a kasuwar Wuse, lokacin da kowane sabon gida a Abuja ke neman labule. Shekaru yana aiko da kuɗi ta hannun wani direban bas, sai ya daina. Abin da ya kawo ta shi ne kuɗin rajistar jarrabawar fita, makaranta ta ce in wata ya ƙare ba a biya ba, sunan Safiya ba zai shiga ba, sai baɗi in Allah ya kai mu. Rajistararmu, Madam Rifkatu, ta rubuta sammaci ta miƙo mini. Hajara ta biyo ni har bakin ƙofa.

"Baba, ko in raka ka ne in nuna maka shi? Mutumin nan wayo gare shi."

Na ce, "Ke je ki soya masarki. Ni da na kai sammaci unguwar da babu ita, shago mai lamba ne zai gagare ni?"

Ban tambaye ta ko dogo ne ko gajere ba.

Na isa Wuse da hantsi, na sami layin masu labule, na sami lambar. Ga wani mutum zaune a kan kujerar roba, fari, mai wushirya, kunnuwansa a buɗe kamar na tulu, yana auna yadi. Na yi sallama, na ce Alhaji Sabo nake nema. Ya dubi jakata, ya dubi takalmina, ya ce, "Daga ina?" Ni kuma don a san ni wani ne, na ce, "Daga kotu."

"Ayya! Sabo? Bawan Allah, ka makara. Zauna tukuna, rana ta dake ka."

Ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi har kwalbar na gumi. Na sha. Ya ce ai Sabo karyewa ya yi, ya sayar masa da shagon, ya koma Jiwa yana noman doya. Ya ce shi ma yana jin haushinsa, mutum ya bar 'yarsa haka? Na ce wallahi kuwa, Alhaji, irinku sun yi ƙaranci. Ya kwatanta mini, in na sauka a Jiwa in wuce makarantar firamare, in nemi wata bishiyar mangwaro mai reshe biyu. Da zan tafi ya cusa mini kuɗin mota a aljihu, ya ce taimakon shari'a ne. Maƙwabtansa na layi duk sun sunkuyar da kai suna ta aiki. Na ɗauka ladabi ne.

Sau uku na je Jiwa. Ku sani, a Jiwa kowace bishiyar mangwaro reshe biyu gare ta, in ba ta fi ba. Na bi gonaki har ƙaya ta cinye mini ƙafar wando. Na sami Sabo biyu, ɗaya makaho ne, ɗaya kuma bai fi shekara goma sha biyar ba. Wani dattijo da ya gaji da ganina ya ba ni doya biyu, ya ce in dai ba gona nake nema ba in yi haƙuri in bar su su yi aiki.

Babbar ɓarnar ba ita ce wahalata ba. Na riga na rubuta a rahotona, da hannuna mai kama da tafiyar kaza, cewa wanda ake ƙara ya bar shagon Wuse. Saboda wannan rubutu alƙali ba zai iya ba da izinin a liƙa takarda a ƙofar shagon ba, tunda ni na rantse ba ya nan. Aka ɗage zama sau biyu. Kowane zama Hajara na rufe kaskonta, ta biya mota, ta zauna tun safe, a kira ƙara a ce ba a samu kaiwa ba. Tana ta cewa, "Ranka ya daɗe, yana nan a Wuse, an gan shi." Ni kuma ina cewa ni da na je da ƙafata? A zama na biyu alƙali ya ce saura ɗaya, in ba a kai ba zai sallami ƙarar, ta sake shigarwa in ta samo adireshi. Kwana bakwai suka rage wata ya ƙare.

Madam Rifkatu ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji, amma tana isar da saƙo.

"Tanko, wannan mata ya zo nan sau uku. Ka tambaye shi yaya mijin yake kama?"

Na ce ban tambaya ba.

"Oga Audu bai koya maka ba? Ka tafi gidanta yau. In ka dawo mini da doya kuma, ni da kai ne."

Da la'asar na hau babur na tafi Jikwoyi. Na sami Hajara tana wanke kasko, na zauna a benci ina neman ta inda zan fara. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Safiya, kawo wa Baba ruwa." Yarinya ta fito da kofi, ta durƙusa, ta yi murmushi. Fara, mai wushirya, ga kunnuwan nan ɗankwali ya kasa rufe su. Na riƙe kofin ban sha ba. Wannan fuskar ta taɓa ba ni ruwa.

Na ce, "Hajara, uban yarinyar nan, shi ma haka kunnuwansa suke?"

"Ai kamar ya yi kaki ya tofar. Me ya faru?"

Na faɗa mata komai, har kuɗin motar. Na zaci za ta kwaɗa mini kaskon, kuma da ta yi da ban kai ƙara ba. Sai ta zauna a kan turmi ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce, "Baba, kada ka damu. Ni shekara tara yana kwatanta mini hanyar Jiwa."

Yanzu ga inda sana'a take, ku masu cewa aikin ɗan aike ne. In na koma da jaka a kafaɗa, tun daga bakin layi za a yi masa ishara ya bi ta ƙofar baya. In ya gan ni ma ya naɗe hannuwansa cikin babbar riga, sai mu yi ta kokawa a kasuwa. Dole shi da kansa ya miƙo hannu. Na kwana ina juya abin, na tuna kuɗinsa na nan, domin ban kashe ba, kunya ta hana ni tun ranar da na dawo daga Jiwa karon farko. Kuma a ƙa'ida ma bai kamata su kwana a aljihuna ba.

Da safe na bar jakar wajen Madam, na sa littafi da akwatin dangwale a aljihun ciki. Na sayi ambulan, na sa kuɗinsa a ciki ta yadda bakinsu zai leƙo, na sa sammacin a bayansu. Na biya ta wajen shugaban layin masu labule, na ba shi goro, na ce ya zo ya shaida zan mayar wa wani bawan Allah alherinsa. Na ɗauki doyar nan biyu ma a leda.

Alhaji na hango ni ya gyara zama. Na washe baki tun daga nesa.

"Alhaji, an dace! Na same shi!"

Ya ce, "Ka sami wa?"

"Sabo mana. Yana nan gindin mangwaron da ka ce. Ga doya ma ya ce a kawo maka. Kuɗin motarka kuma ofis sun biya ni, na ce haram ne in ci biyu."

Na ga kansa ya ɗaure. Yana so ya tambaya wane Sabon, ba dama. Maƙwabta suka bar aiki suka matso. Ɗan kasuwa kuwa ko yana cikin ruɗu, in ya ga bakin kuɗi hannunsa ba ya shawara da shi. Ya miƙo, na saka masa ambulan, ya riƙe. Sai na ja da baya, na gyara murya yadda Baba Audu ke yi, na ce, "Alhaji Sabo, abin da ke hannunka sammacin kotu ne, Hajara ke ƙararka kan ciyar da 'yarka Safiya, ranar Alhamis da safe. Shugaba, ka shaida."

Layin nan ya kwashe da dariya har masu katifa suka leƙo. Shugaba ya ce, "Sabo, ka sa hannu kawai, doyar ma ka riƙe." Ya sa hannu, kuma ya dawo mini da biro lafiya.

Ranar Alhamis ya zo da babbar riga. Ya fara bayanin kasuwa ta yi sanyi, alƙali ya tambaye shi shago nawa gare shi, ya ce biyu, shugaban layi da ya rako shi ya yi tari, ya ce uku. Alƙali ya yanke abin da zai riƙa bayarwa kowane wata, ba ta hannun direba ba, ta teburin Madam Rifkatu, a rubuta a ba shi rasit. Kuɗin jarrabawa kuwa ya ce a kawo kafin a tashi aiki ranar. Aka kawo. Ni na raka Hajara makarantar washegari, saura kwana uku a rufe. Alƙali bai manta da ni ba, ya sa aka rubuta mini takardar gargaɗi kan rahoton ƙarya da shan ruwan wanda ake ƙara, ita ce takarda ɗaya tak da aka taɓa kai mini a aikin nan, kuma na karɓa hannu biyu.

Safiya ta rubuta jarrabawarta. Yanzu malamar asibiti ce, ita ke duba mini gwiwoyin nan, tana kirana Baban Jiwa. Masar Hajara kuwa tun da na yi ritaya ban ƙara biya ba, na ce doka ta hana ni cin na wanda ake ƙara ne, ba ta ce komai kan mai ƙara ba. Na gode wa Allah da sana'ar nan. Ta ciyar da ni, ta zagaya da ni garin nan tun yana daji, ta haɗa ni da Baba Audu, Allah ya jiƙansa, da Madam da ta rufe ƙofa kafin ta wanke ni. Ku da kuke da hoton mutum a waya da taswira mai magana, ku dai riƙa tambayar matar. Wayar ba ta san wushirya ba.

Har Alhaji Sabo ina gode masa, ba don ruwan ba. Tun daga ƙarshen wancan watan ban sake tsallake aika wa 'yata ba, har ta yi aure, kuma ba alƙali ne ya sa ni ba. Ranar da aka gama shari'ar, ina tsaye bakin ƙofar kotu ina karɓar gaisuwa kamar wanda ya ci zaɓe, ya zo wucewa da rasit ɗinsa a hannu. Ya tsaya, ya dube ni sama da ƙasa, ba fushi a fuskarsa, ya ce:

"Masinja, ka iya aiki. To kai naka sammacin, wa ke kai maka?"